Hatimi Mai Igiya

Jiya ina tsakar gida ina tsince wake na jiyo jikana Nura a shago yana ce wa abokinsa wai aikin hatimi ko makaho ya yi shi: ka danna kwamfuta, inji ya yi ƙara, shi ke nan. Ban tanka ba saboda da baƙo. Amma da yake ku jikokina ne, kuma shagon nan da kuke zaune zauren kakanku ne aka fasa masa ƙofa ta titi, gara ku san yadda aka yi sana'ar nan a gidan nan. Shekara ashirin da biyu na yi a cikinta, kuma goman farko babu wanda ya san ina ciki a duk faɗin Karaye.

Hatimin farko da aka yanka a gabana na wani dagaci ne daga wajen Kwanyawa, ina amarya ko lallen ƙafata bai goge ba. Malam, wato kakanku, ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya yanko roba daga tsohuwar tayar babbar mota, ta gefe inda babu kaushi, ya yi ta goga ta a kan dutse har ta yi sumul. Ya karya reza a karkace, ya ɗaure guntun a tsinken gora da zare. Wuƙar aikin ke nan. Sai allura ta ƙwaƙule cikin haruffa, sai sholisho irin na masu facin keke, sai guntun icen maɗaci na mariƙi, sai ɗan madubi. Duka kayan suna shiga gwangwanin madara ɗaya, har da sauran wuri.

Wahalar abin, a juye ake yanka shi, daga dama zuwa hagu, kowane harafi ya ba ka baya. Kuma roba ba takarda ba ce, ba a gogewa. Ka yi kwana biyu kana aiki, reza ta zame a harafin ƙarshe, sai ka jefar ka sake yanko wata. Malam ba ya numfashi in yana zagaye harafi, ni ma da nake kallo sai in ga na riƙe nawa. Shekara huɗu ya yi a Kano wajen wani Bayarabe yana koyo, kuma ya ce shekarar farko gaba ɗaya zoben bakin hatimi kawai aka bar shi ya yanka, ko harafi ɗaya bai taɓa ba. Don gajiya da zoben ne ya fara yi masa ado, yana murɗa shi kamar igiyar guga. Ya saba, har ya zama ba ya iya sakin hatimi ba igiyar nan a bakinsa. Daga nan har Rogo, duk wanda ya ga takarda mai zoben igiya ya san daga zauren Malam Sale ta fito. Ku riƙe maganar igiyar nan, za mu dawo kanta.

Ni aikin da aka fara ba ni shi ne feƙe mariƙi da shafa sholisho, sai gwaji: in danna sabon hatimi a tawada, in buga a takarda, in duba inda ya yi cunkoso. Amma tun satin farko Malam yakan shigo da 'yar takarda ya ce, "Ta Kurugu, duba min nan, idona yana yaji." Ta Kurugu yake ce min, don can ne garinmu. Aji huɗu na yi a firamare kafin a cire ni, ina karanta Hausa, Turancin hatimi kuwa ba shi da yawa, na haddace shi. Sai in karanta masa. Wata uku ido yana yaji. Rannan na tsaya a kansa yana yanka wani harafi da bai kai ƙwayar dawa ba, na ce, "Malam, idon da ya yanka wannan lafiyarsa ƙalau."

Bai ɗago ba sai da ya gama layin. Sannan ya ce in zauna, ya ba ni labarinsa.

Shekara shida ya yi a firamare, kuma babu malamin da bai karya bulala a bayansa ba. An ce dolo ne, an ce lalaci ne, an kai shi aka yi masa turaren iska. Ba wai bai san haruffa ba ne, ya san kowanne da siffarsa fiye da hedimasta. In ka tsaya masa zai kira maka su ɗaya ɗaya. Amma ya haɗa su su zama magana, nan gizo yake saƙar. Kafin ya kai harafi na huɗu na farko ya zube. Mutumin da in liman ya ja sura sau biyu ya riƙe ta, in an yi masa kwatancen gona sau ɗaya ya je. Daga baya mutane sun ce wai a juye yake ganin rubutu, shi ya sa ya iya hatimi. Ba haka ba ne. Daidai yake gani, rubutun ne ba ya yi masa magana.

Sai da uwarku Ladi ta je kwalejin horon malamai ta dawo hutu, ta ce, "Inna, abin Baba fa likitoci sun san shi." Ta ce akwai wuri a ƙwaƙwalwa da yake ɗaura sautin magana a jikin harafi, wasu mutane tun halitta nasu ginin ya bambanta da na saura. Ba ƙarancin hankali ba ne, ba aljanu ba ne, kuma yakan bi jini. Don haka ƙaninku Baffa da kuke wa dariya in ya tsaya a kan kalma ɗaya yana gumi, ku fita harkarsa. Kakanku ne ya dawo. A lokacinmu dai ba mu san wannan ba, abin da muka sani kawai, mai sayar da rubutu ba zai ce bai iya karatu ba ya ci gaba da cin abinci a gari.

To ga yadda muke yi. Mai aiki zai yi sallama, a gaisa, ya miƙa takarda. Malam zai riƙe ta ya ɗan ɗaure fuska yana gyaɗa kai, sai ya ce, "Bari in sha ruwa." Ya shigo, in karanta masa, in gaya masa na wane ne, in sake rubutawa da manyan baƙi a fili, ya koma yana goge baki. Kafin ma ya shigo na riga na san rabin zancen, don ɗakina jingine yake da zauren, da 'yar taga a sama. Ni ba mai fita ba ce, ko biki sai an yi da gaske, amma duk mai zuwa zauren nan na san shi ta murya. Kuma doka ɗaya muka kafa: hatimin ofis ba a yanka shi sai da wasiƙa daga ofishin. Sau biyu na mayar da mutane saboda haka. Abokan Malam kuwa sun sa shi gaba. "Malam Sale, randar gidanka tana hutawa kuwa?" Wani ya ce ya je a auna shi ko ciwon suga ne. Wani ya ce ba ruwa ba ne, izini yake shiga nema. Sai ya yi dariya ya bar su.

Shekarar da cutar bushiya ta shiga shanu ita ce shekarar da ba na mantawa. Garke guda sai ya kwanta cikin sati. Makiyayan da muke sayen nono wajensu suka daina shigowa. Hukuma ta hana a kora shanu daga wani gari zuwa wani sai da takardar malamin dabbobi mai hatimi, shaidar cewa lafiyarsu lau. A tsakiyar wannan aka aiko daga Kurugu cewa jikin mahaifiyata ya yi tsanani. Na ce wa Malam duk aikin da ya zo ya ajiye sai na dawo. Ya ce to. Kwana huɗu na yi.

Ran da na dawo, bayan la'asar, na ratsa zaure da ƙullin kayana kaina a ƙasa, akwai baƙo. Ban ga fuskarsa ba, takalmin danƙo kawai na gani. Amma ina shiga ɗaki na kasa kunne. Murya ce siririya, iska tana fita ta tsakanin haƙoransa in ya yi magana, kuma komai aka ce sai ya ce "madalla, madalla" da sauri kamar ana binsa. Bai yi ciniki ba. Bai ce a buga masa ya gani ba. Wanda ya ba da aikin hatimi bai nemi gwaji ba, ban taɓa ji ba sai ranar.

Da Malam ya shigo na ce, "Wane ne wannan?"

"Wani ne daga Rogo Ruma. Na ƙungiyar manoma da makiyaya ne, taki za su nema. Ya ce gobe za su kai takardunsu, ba zai iya jira ba."

"Wa ya karanta maka?"

"Ai ya gaya min da bakinsa. Har da kan saniya a tsakiya."

Na je na ɗaga buhun aikinsa, na san ba ya rasa buga gwaji ko don kansa. Ga shi nan a bayan kwalin sukari, shar da shi, da igiyarsa. Na karanta sau biyu. Babu manoma a ciki, babu ƙungiya. Kalmomin da ke jikin takardar rigakafin shanun babana ne. Na ce, "Malam, hatimin ofishin malamin dabbobi ka yanka."

Ya fita da gudu ba hula. Ya duba tasha, ya duba bakin kasuwa. Mutumin ya yi gaba.

Na ce mu je wajen dagaci yanzu, kafin magariba, mu kai kwalin nan. Ya ce in ya je ya ce me? Na ce ya faɗi gaskiya. Ya ce, "In ce shekara goma ina karɓar takardun mutane ina gyaɗa kai?" Na ce ko haka ne. Ya ce wataƙila mutumin Kaduna zai nufa, ba za a sake jin labarinsa ba. Ya ɗauki kwalin zai sa a murhu, na karɓe na cusa a ƙasan adudu.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. Ya ɓata roba uku a kan hatimin makaranta guda, shi da yake shekara bai ɓata ɗaya ba. Ni kuma kowane keke ya tsaya a ƙofar gida sai na ajiye abin da ke hannuna. Na san ƙarar silifas, na san ƙarar takalmin malaman makaranta. Rana ta goma sha biyu da hantsi na ji takalmin da ba na kowa ba a cikinsu, mai nauyi, ƙafa huɗu. 'Yan sanda ne, suka tafi da Malam.

Abin da ya faru, an bi da wasu shanu marasa lafiya ta wajen Kwanyawa da takarda mai hatimi, suka sha ruwa a mashaya ɗaya da garken wani Arɗo, garken ya kamu. Da aka tare masu korar, 'yan haya ne, takarda kawai aka ba su. Malamin dabbobi yana ganin takardar ya ce hatiminsu daga Kano aka kawo shi, zobensa lami ne, ba shi da igiya. Ba a ma tambayi kowa gidan da za a je ba.

Kwana uku yana tsare kafin a shiga gaban alƙali. Ban taɓa taka ƙofar kotu ba, sai ranar. Na lulluɓa, na ɗaure kwalin a bakin zani, wansa Yaya Garba ya raka ni, na zauna a benci na baya. Ɗakin a cike, duk masu tsokanarsa da randa suna nan. Arɗo yana gaba da sandarsa a kan cinya, dattijo, bai kalli kowa ba.

Alƙali ya ɗaga takardar ya ce, "Sale, aikinka ne wannan?"

"Aikina ne, Allah ya gafarta Malam."

"Ka san abin da aka rubuta a jiki lokacin da kake yankawa?"

Ina jin numfashinsa daga inda nake. Alƙali ya maimaita. Ya gargaɗe shi cewa wanda ya yanka hatimin hukuma da saninsa gidan yari ne, ba na wata ɗaya ko biyu ba. Malam ya dubi ƙasa. Na gane ya zaɓa, kuma gidan yarin ya zaɓa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, bai iya karatu ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Kai, mata!" Ɗan sandan da ya kawo ƙara ya ce, "Ranka ya daɗe, allon da ke ƙofar kotun nan ma shi ya rubuta." Yaya Garba yana jan mayafina yana cewa in zauna, don shi ma bai sani ba, ya ɗauka tun tuni ƙaninsa ya warware a Kano. Alƙali ya buga tebur, ya ce in matso. Na faɗi komai: idon da ke yaji, shan ruwa, tagar ɗakina, tafiyata Kurugu, muryar mutumin. Na kwance kwalin na miƙa. Malam bai juyo ba ko sau ɗaya.

Ɗan sanda ya ce, "Ko an ba shi takarda yanzu, ai cewa zai yi bai iya ba. Kowa ma zai iya yin haka."

Alƙali ya ce haka ne. Ya jujjuya kwalin. Sannan ya yagi takarda ya yi rubutu. Daga jin tafiyar alƙalamin na san gajere ne, bai fi kalma huɗu ba. Ya miƙa wa Malam ya ce, "Ka tsaya can jikin bango ka karanta, ka yi abin da ta ce." Ni kuma ya mayar da ni benci, ya ce in na yi ko tari a fitar da ni. Sai ya kira shari'ar wasu masu rigimar iyakar gona, kamar ya manta da mu.

Ban san me ya rubuta ba. Zai iya zama hukunci ne. Ina kallon Malam ya riƙe takardar da hannu biyu, ya sa ɗan yatsa a ƙarƙashin harafin farko, leɓensa yana motsi. Ya kai tsakiya, ya koma farko. Ya sake kaiwa, ya sake komawa. Ba gyaɗa kai yau, ba ɗaure fuska. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Aka gama shari'ar gona, aka shiga ta wani jaki. Masu dariya suka daina, ɗaya bayan ɗaya, don sun fara ganin abin da ni kaɗai na saba gani. Alƙali yana sauraron masu jaki, amma na lura idonsa bai bar jikin bangon nan ba. Takardar ta yi laushi a hannun Malam har ta fara yagewa ta gefe.

Sai da ladan ya kira azahar alƙali ya ce, "Sale, me ta ce?"

Malam ya ce, "Na ga sunana a farko, Allah ya gafarta Malam. Sauran sun ƙi tsayawa."

"Ke, zo ki karanta masa yadda kika saba."

Na je na karɓa, a jiƙe take. Na karanta da ƙarfi, don ban iya rage murya ba a lokacin: "Sale, ka tafi gida."

Alƙali ya ce tun hantsi yake kallonsa. Ya ce mai karatu zai iya hana ƙafarsa tafiya don wayo, amma da Malam ya iya, da ya ga kafaɗunsa sun sauka ko idonsa ya nemi ƙofa, kuma bai gani ba. Ya ƙara da cewa wanda ya san jabu yake yi ba zai ɗaura masa igiyar da duk ƙasar nan ta san tasa ce ba. Amma ya yi masa faɗa sosai a kan kwana goma sha ɗayan da muka yi shiru, kuma faɗan yana kan hanya. A bakin ƙofa Arɗo ya tsaya gaban Malam ya ce, "Da ka faɗa tun ran farko, da wataƙila an tare su kafin mashaya." Malam ya durƙusa har ƙasa. Arɗo ya daɗe yana kallonsa, ya ce Allah ya kyauta, ya wuce. Shanunsa ba su dawo ba. Mai muryar nan kuma ba a kama shi ba, amma ko yau ya yi sallama a ƙofar gidan nan zan gane shi.

Sati uku babu wanda ya kawo aiki. Malam yana fita zaure da safe ya shimfiɗa buhu, ya jera reza da allura, ya zauna har azahar ya naɗe. Ni da shi ba ma magana sai ta abinci, ban san ko ya yafe min miƙewar da na yi ba, ban kuma tambaya ba. Yara sukan wuce suna cewa a sha ruwa lafiya. Na fara tunanin ko in koma ƙuli-ƙuli.

Rannan da safe na ji keke ya tsaya, na ji an kafe shi, na ji takalmin malaman makaranta. Hedimastan Kwanyawa ne, na san shi da kakkaurar murya. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka jajanta shanu. Ya ce hatiminsu ya tsage, sabo yake so, mai igiya. Na ji ƙarar takarda ta sauya hannu. Na ajiye ludayi na goge hannuna a zani, na matsa bakin ƙofar ɗaki ina jiran a ce bari a sha ruwa.

Ban ji ya tashi ba. Daga inda yake zaune, da muryar da har maƙwabta suka ji, ya ce, "Ta Kurugu! Miƙo hannu ta taga ki karanta mana."